Littafin aiki: intanet ta tauraron ɗan adam a cibiyoyin lafiya uku na karkarar Damagaram

3 Fabrairu 2025

An gama zagayen duba wurare. Cibiyoyin lafiya na CSI, wato ƙananan asibitocin gwamnati, biyar aka ziyarta, uku suka shiga aikin: ɗaya a gundumar Tanut, ɗaya a gundumar Gure, ɗaya a Damagaram Takaya. Daga yau sunansu a wannan littafi wurin arewa, wurin gabas da wurin tsakiya.

Biyun da aka cire suna kudu, wajen Magariya da Dungas. Buƙatarsu ba ta gaza ta sauran ba, amma da aka ɗaga wayar gwaji a kan sanda mai mita 9, rezo ya shigo daga hasumiyar da ke nesa. Inda hasumiya ke iya kaiwa, eriya mai fuskantar gefe guda da rauta mai cin katin waya sun wadatar, a kan kuɗi kaɗan da wuta kaɗan. Tauraro na inda babu wata hanya ne. A wurare ukun nan majo sai ya hau babur ya je kan tudu kafin ya iya kiran motar ɗaukar marasa lafiya, rahoton mako-mako na cututtukan da doka ta ce a sanar kuwa yakan jira ranar kasuwa, a ba direba.

Wannan jinkirin shi ne dalilin aikin. Daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, hukumar lafiya ta duniya ta ƙidaya mutum 559 da suka kamu da sanƙarau a jahar Damagaram, 18 suka rasu. Ƙa'idar sanƙarau da mako ake auna ta: mutum 3 cikin 100,000 a mako guda alamar faɗakarwa ce, 10 kuwa annoba. Rahoton da ya kwana goma a hanya ya iso bayan lokacinsa.

14 Fabrairu

Lissafin wuta, tun kafin a sayi ko dunƙulen waya. Babu layin NIGELEC a ko ɗaya daga cikin ukun, komai a kan hasken rana zai tsaya.

Modam da na'urar aikawa, wato BUC mai wat 3, tare suna cin wajen wat 55. Rauta da wifi wat 15. Waɗannan ba a kashe su dare da rana, saboda naƙuda ba ta duba agogo: wat 70 sau awa 24, wat-awa 1,680 ke nan. Kwamfutar majo wat 45 na awa 6, 270. Tablet biyu, 50. Ƙwan fitila huɗu masu wat 7 na awa 8, 224. Jimla 2,224. An ƙara kashi 20 cikin 100 na abin da ke ɓacewa a waya da regilata, ya kai kusan 2,670 a yini.

Rana ta ƙasarmu tana ba da fiye da awa 5 na cikakken haske a yawancin shekara, amma da 5 aka yi lissafi, kuma aka ɗauka pano zai ba da kashi uku cikin huɗu na abin da aka rubuta a bayansa, don zafi da ƙura suna cin sauran. 2,670 a raba da 3.75, ya ba da wat 712. An zaɓi pano biyu masu wat 450. Idan aka jera su bi da bi, ƙarfinsu ba tare da kaya ba yana dab da volt 100, da sanyin safiyar hunturu ma yakan ɗara. Don haka regilata, wato na'urar daidaita cajin batir, irin MPPT da ke jure volt 150 da amfa 40 aka rubuta a takardar saye. Mai jure volt 100 ta fi araha, ita ce kuma ta fi yawa a kasuwa, amma safiya guda ta watan Janairu ta isa ta ƙone ta.

Batir biyu na litiyom, irin LiFePO4, kowane volt 25.6 da amfa-awa 100. Tare wat-awa 5,120 ne, ana iya cin kusan 4,100 ba tare da an gajiyar da su ba, wato yini ɗaya da rabi ko da rana ba ta leƙo ba. Batirin dalma an bar shi da gangan. Kwanansa yana raguwa da rabi a duk ƙarin digiri 10 a kan 25, ɗakin kwano a watan Afrilu kuwa kowa ya san yadda yake.

Doka guda da aka rubuta da babban baƙi: ba a taɓa panon firijin allurar rigakafi. Tsarinsa daban, wayarsa daban.

26 Fabrairu

An zuba gindin farantin kama siginar tauraro a wurin arewa. Rami santimita 80 a 80, zurfin mita 1, buhun siminti 5, bututun ƙarfe mai faɗin milimita 76 da aka yi wa waldar guntayen rodi a gindi don kada ya juya cikin kankare. An daidaita tsayuwarsa da ma'aunin ruwa ta gefe biyu, aka tokare shi da katako har ya kama.

An nemi a ɗora farantin a kan rufin cibiyar don a tsare shi daga awaki da yara. Ba a yarda ba. Faranti mai mita 1.2 idan iskar hadari ta kai kilomita 100 a awa, turin da take yi masa ya fi nauyin buhun siminti, kwano da katakon rufi kuma motsi suke yi. A ƙasa zai zauna, a kewaye shi da raga.

Kankare yana son ruwa safe da yamma har kwana 7. Ruwa a nan sai an saya daga mai amalanke, don haka an sa kuɗin jarka 4 a kowace rana cikin lissafi, aka kuma lulluɓe gindin da tsofaffin buhuna don ya riƙe danshi.

6 Maris

Saiti. An yi shi da sassafe saboda azumi da zafin ƙarfe.

Taurarin da ke tsaye a wuri guda suna kilomita 35,786 sama da doron ƙasa, a saitin layin da ya raba duniya kudu da arewa. Daga Damagaram, wadda ke wajen digiri 14 arewa da digiri 9 gabas, wanda ya yi daidai da mu yana kusan saman kai, digiri 72 zuwa 74 daga doron ƙasa. Wanda ya yi nisa gabas, kamar NigComSat-1R na Najeriya da ke digiri 42.5 gabas, yana sauka zuwa wajen digiri 48. Namu na kusa ne, ya ɗan karkata yamma.

Nan ne mai saiti yakan ruɗe. Farantin irin wanda hancinsa ke ƙasa ne, ba a tsakiya ba, yana kallon sama fiye da yadda fuskarsa ke nunawa. Takardar namu ta ce bambancin digiri 17 ne, saboda haka idan ana neman 72, ma'aunin da aka ɗora a fuskar farantin 55 zai nuna. Wanda ya manta da wannan zai wuni yana laluben sararin da babu kowa. Kamfas kuma a nisanta shi da bututun da rufin kwano, ƙarfe yana jan allurarsa.

Faɗin abin da farantin ke gani bai wuce digiri ɗaya da rabi ba, maƙwabtan taurari kuwa digiri 2 ko 3 ne tsakaninsu. Ganin sigina ta tashi bai isa ba, sai modam ta kulle a kan tashar da aka ba mu. Bayan ta kulle aka kira cibiyar kamfanin intanet ɗin da wayar tauraro ta hannu, suka sa aka aika sigina tsantsa, ana juya hancin farantin kaɗan-kaɗan har tazara tsakanin ɓangarorin sigina biyu ta kai desibel 30. Ba a tsallake wannan mataki: farantin da hancinsa ya karkace yana zuba hayaniya a tashar wasu. Daga nan aka ɗaure kusoshi a gicciye, ido na kan ma'auni, don ɗaurin ƙarshe kansa yakan ja farantin. An ja layi da fenti a kan bututu da maƙalarsa, duk ranar da ya goce za a gani da ido.

Waya: RG6 guda biyu, ta karɓa da ta aikawa, mita 22 kowace. Abin da ya wuce mita 30 sai RG11. Dunƙulen farko da aka kawo an mayar da shi, domin maganaɗisu ya kama zaren tsakiyarsa, ƙarfe ne aka shafa wa tagulla. Don kallon talabijin ba laifi, amma a nan wutar BUC ta cikin wannan zaren take bi, ƙarfe kuma yana cinye ta a hanya.

Da ƙarfe 11 rahoton mako na farko ya shiga DHIS2, manhajar tattara alƙaluman lafiya, daga teburin majo.

14 Maris

Sadarwa ta yanke wajen ɗaya saura kwata na rana, ta dawo da kanta bayan ƴan mintoci. Jiya ma haka. Ba lalacewa ba ce. Sau biyu a shekara rana tana bi ta bayan tauraron daidai inda farantin ke kallo, hayaniyarta ta rufe siginar. A wajenmu tsakiyar Maris ne da ƙarshen Satumba, kwana kaɗan kowane karo. An rubuta wannan an manna a bango kusa da modam, tare da roƙon kada kowa ya taɓa farantin, domin wanda ya je gyara abin da bai lalace ba shi ke kawo tafiyar kilomita 150.

27 Maris

Wurin gabas ya hau, tsari iri ɗaya da na arewa. Bambancinsa rairayi: gefen ramin yana zubewa, sai da aka yi masa akwatin katako aka kuma faɗaɗa shi zuwa mita 1 a mita 1.

Gwaji a wurare biyun: saƙo yana zuwa ya dawo cikin milisakan 600 zuwa 700. Nisan ne, babu saitin da zai rage shi, sau huɗu ake ratsa wannan tazara kafin amsa ta iso. Rahoto da saƙon murya ba su damu ba. Kira kai tsaye kuwa sai an saba, mutum ya gama magana ya ɗan dakata. Idan wurin arewa ya kira wurin gabas jinkirin ninki biyu ne, ya haura daƙiƙa guda, shi ya sa aka shawarci ma'aikata su riƙa aika wa juna saƙon murya. An kuma lura cewa kwamfutar da ta kunna VPN, wato manhajar da ke rufe saƙo, tana ja da ƙyar, saboda modam tana da dabarar hanzarta zirga-zirga, rufaffen saƙo kuma ba ta ganin cikinsa balle ta taimaka.

A wannan watan ne Starlink ta fara aiki a Nijar a hukumance, bayan yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Oktoban 2024. A Najeriya tun Janairun 2023 take. Taurarinta suna wajen kilomita 550 ne kacal, jinkirin ƴan gomomin milisakan. Tunda ba a zuba gindi a wurin tsakiya ba, an tsayar da shi, za a gwada irin taurarin ƙasa-ƙasa a can don a samu abin kwatantawa a ƙasa ɗaya da yanayi ɗaya. Sauya takardun kasafi zai ɗauki lokaci.

16 Afrilu

Zafi. A wurin arewa modam ta riƙa sake kunna kanta tsakanin azahar da la'asar. Ma'aunin zafin da aka sa cikin akwatin kayan ya nuna digiri 54. Kuskuren na tsari ne: akwatin ƙarfe rufaffe, a jikin bangon yamma, ƙarƙashin kwano marar silin. An rufe shi ne don ƙura, sai ya zama tanda.

An mayar da shi bangon gabas na ɗakin magani, ƙasa-ƙasa, santimita 40 daga daɓe. An huda ƙofar iska biyu, ta ƙasa da ta sama, aka sa wa ta ƙasa soson tace ƙura, ta sama kuma ƙaramar fanka mai volt 24 da ke fitar da iska. Bayan haka bai wuce 43 ba. Soson a wanke shi duk Juma'a. BUC da ke waje an yi mata ƴar rumfa ta farin kwano, da tazarar yatsu huɗu don iska ta ratsa, ba tare da ta shiga gaban farantin ba.

An yi wa wurin gabas irin wannan gyara tun bai nuna alama ba.

8 Mayu

Rabon wata, gigabait 30, ya ƙare a wurin gabas ran 7 ga wata. Ba aikin lafiya ya cinye shi ba. Rahoton DHIS2 na mako bai kai megabait guda ba, hoton rauni ko na takardar gwaji da ake tura wa likitan gunduma ƴan megabait ne. Rajistar rauta ta nuna abu biyu: kwamfutar majo ta sauke sabunta kanta na gigabait da yawa cikin dare, sannan wayoyi fiye da 40 sun hau wifi. Kalmar sirrin ta fita, wayar zamani kuma tana iya miƙa ta ga wata wayar da hoto guda.

Ba abin zargi ba ne. Mutumin da ɗansa ke Libiya ko Aljeriya ko Legas, ya ji ana iya jin muryarsa daga gindin bedin asibiti, dole ya zo. Wannan ma yana cikin amfanin abin. Sai dai kiran motar marasa lafiya ba zai jira bidiyo ba.

An raba wifi gida biyu. Na aiki ɓoyayye ne, na'urori biyar kawai ya sani da lambar jikinsu, shi ke da fifiko, an kuma keɓe masa gigabait 12 da ba mai taɓawa. Na jama'a yana buɗewa daga la'asar zuwa isha, kowace waya megabait 30 a yini, an toshe bidiyo da sabunta manhaja, an bar saƙon rubutu da na murya. A kwamfuta an nuna mata cewa layin na awo ne, don ta daina sauke kaya da kanta. Sabuntawar za a riƙa kawo ta a makullin USB daga Damagaram duk wata uku.

3 Yuni

Wayar ƙasa, wato wadda ke kai wutar aradu cikin ƙasa, kafin hadarin farko. Wannan ne aikin da ya fi cin rai, shi ne kuma wanda ba a ganinsa a hoto.

Om shi ne awon yadda ƙasa ke tare wuta, abin da ake nema kuma ƙasa da om 10 ne. Sandar tagulla guda mai mita 2 a busasshen rairayin wurin gabas ta ba da sama da om 200, wato kamar babu. An kafa sanduna huɗu, mita 4 tsakanin kowace, aka haɗa su da tagulla tsirara mai kaurin murabba'in milimita 16 da aka binne a zurfin santimita 60. Sandunan da aka cusa kusa da juna aikin guda ɗaya suke yi, tazarar ce ke sa su ƙaru. An bi da layin ta inda ruwan wanke hannu da na ɗakin haihuwa ke malala, don nan ƙasa ba ta bushewa sarai. Kowane rami an cika shi da garin gawayi da laka daga fadama. Masu aikin wuta sun saba zuba gishiri, kuma gaskiya yana saukar da awo nan take, amma yana cin tagulla, damina biyu kuma ta wanke shi. Ba a sa ba. Awon ya sauko zuwa 28. Bai kai ba, za a sake aunawa idan ƙasa ta sha ruwa, kuma a sake a watan Maris, don awon rani shi ne na gaskiya.

A wurin arewa an ci karo da dutse a santimita 70, sai aka kwantar da tagullar a dogon rami mai mita 20 maimakon a kafa ta.

Bututun faranti, firam ɗin pano, akwatin kaya da abin kare tsawa na kan wayoyin RG6, duka an kai su mahaɗa guda. Idan kowane da tasa ƙasar, ranar da aradu ta faɗi kusa, bambancin da ke tsakaninsu ta cikin modam zai bi.

11 Yuli

Ruwan farko mai ƙarfi a wurin gabas. Sadarwa ta ragu, ta yanke na wajen minti 20, ta dawo. Haka zangon Ku da farantinmu ke aiki a kai yake, gigahaz 11 zuwa 14, ɗigon ruwa mai kauri yana shanye shi. A ƙasar da ruwan shekara yake wajen milimita 400, kuma farantin na kallon kusan saman kai ta yadda hanyarsa cikin hadari gajera ce, wannan ba abin da zai sa a sayi babban farantin zangon C ba ne.

Abin da ya biyo baya ne matsala. Kwana uku bayan ruwan, sama tas, amma karɓa ta faɗi da desibel 4 ba ta koma ba. Layin fenti bai goce ba. Da aka kwance mahaɗin wayar LNB, na'urar karɓa da ke hancin farantin, sai ga tsanwan tsatsa, ruwa ya shiga ya bi cikin wayar. An naɗe shi da salatif ɗin wuta ne kawai, rana ta gasa shi ya saki. An yanke mita ɗaya, aka sa sabon kai na matsewa, aka naɗe da roba mai narkewa ta haɗe da kanta, daga ƙasa zuwa sama, sannan salatif a kai don ya kare ta daga rana. An kuma lanƙwasa wayar ta yi ciki a ƙasa kafin ta shiga bango, ruwa ya ɗiga a waje. An bi duk mahaɗan wurare biyun an yi musu haka.

24 Yuli

Wurin tsakiya ya hau. Ƙaramin faranti shimfiɗaɗɗe, yana cin wat 25 zuwa 40, kai tsaye daga batir ta na'urar daidaita volt, ba a bi ta inbata ba. Pano guda mai wat 450 da batir guda sun ɗauke shi da sauran kayan. Babu saitin hanci, babu kiran cibiya, aikin awa biyu. Amma shi ba wuri guda yake kallo ba, taurarin wucewa suke yi, yana son sarari buɗaɗɗe mai faɗin digiri 110. An ɗora shi a sanda mai mita 4, manhajar duba shinge ta nuna kusan babu komai. Akwai gawo babba a gefen da ya karkata, rassansa tsirara.

Kira da bidiyo tsakanin ungozoma da likitan gunduma ya tafi ba tsaiko.

19 Agusta

Ana tsakiyar rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina ga yara ƴan wata 3 zuwa 59. Alƙaluman kowace rana suna fita daga wurare ukun da yamma, abin da a da sai an gama zagaye. Wurin gabas ya nemi ƙarin magani tun kwana biyu kafin nasa ya ƙare.

Awon ƙasa a gabas ya sauko zuwa om 9. A arewa aikawa ta yi rauni, aka tarar zanzaro ya yi gini a bakin hancin farantin, inda murfin roba ya tsage. An share, an sauya murfin. A riƙa ajiye murfi biyu a kowane wuri. Gara ta fara bin bututun robar da wayoyin pano ke ciki, an ɗaga shi daga ƙasa.

Kwana uku a jere na lumshi sun sauke batirin wurin tsakiya har ya kashe kansa da asuba. Da aka bincika, cajin wayoyi ne ya ƙaru a kan layin fitilu. An fitar da caji zuwa layinsa daban mai fis na amfa 5, wanda regilata ke yankewa idan batir ya sauka ƙasa da rabi.

29 Satumba

Rana ta sake bi ta bayan tauraron, arewa da gabas sun yanke na ƴan mintoci dab da sha biyu da rabi. Babu wanda ya kira, babu wanda ya taɓa faranti. Takardar bango ta yi aikinta. Wurin tsakiya bai ji komai ba.

21 Oktoba

Zama da kwamitocin COGES masu kula da tafiyar da cibiyoyin uku, da wakilan ƙananan hukumomi da na masu gari. Magana ɗaya ce: kuɗin wata na aikin zai ƙare a ƙarshen Fabrairu, wa zai ɗauka daga nan? Duk wanda ya yi yawo a karkara ya ga faranti a bayan ofis ko makaranta ya zama wurin shanya, kuma sau da yawa lafiyarsa lau, biyan wata ne ya tsaya. Shirin ƙauyuka na zamani da hukumar ANSI ta fasahar zamani ke jagoranta, wanda Bankin Duniya ya sa wa dala miliyan 100 a 2020, yana nufin kai rezo karkara, kuma duk ranar da hasumiya ta iso ɗaya daga cikin wuraren nan, daidai ne a koma kanta a kai farantin gaba. Kafin nan dai sai an biya.

An kawo shawarar sayar da tikitin wifi. An jingine ta, domin sayar wa jama'a intanet yana ƙarƙashin dokokin ARCEP, hukumar kula da sadarwa, da sharuɗɗan kwangilar kamfani, ba a shiga sai da takarda a hannu. Abin da aka amince da shi: cajin waya a kan dala ashirin, wato sefa 100, da rana kawai lokacin da pano ke da rara, kuɗin ya shiga asusu daban mai sa hannun mutum biyu. Wannan zai ɗauki soso, murfi, fis da ɗan alherin mai shara. Ba zai ɗauki kuɗin wata ba, kuma an faɗi haka a fili. An roƙi kowace ƙaramar hukuma ta sa layinsa a kasafin 2026 tun ana tsara shi. Ɗaya ta yi alkawari a rubuce, biyu ba su ba da amsa ba tukuna.

A kowane wuri an horar da mutum biyu mazauna garin, ba ma'aikatan da ake iya sauya wa wurin aiki ba: duba fitilun modam, karanta regilata, kashewa da kunnawa bi da bi, da sanin abin da ba a taɓawa.

18 Nuwamba

Wurin tsakiya ya fara tsinkewa na ƴan daƙiƙoƙi sau da yawa a awa, kira yana yankewa. Taswirar shinge ta nuna jan tabo a gefe guda. Gawon ne. Shi da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, dubawar Yuli kuwa ta same shi tsirara. Ba za a sare shi ba, gawo taki ne ga gona, abinci ne ga dabbobi, kuma itacen da doka ta kare ne. An matsar da sandar mita 15, aka ƙara mata tsawo zuwa mita 6 da igiyoyin ƙarfe uku, tabon ya ɓace. An ƙara layi a takardar duba wuri: a rubuta irin kowane itace da ke kusa, gawo a ɗauke shi da cikakken ganyensa ko da wane wata aka je.

Buji ya sauka tun makon jiya. Siginar farantan arewa da gabas ba ta ko motsa ba, ƙura ba ta tare zangon Ku yadda ruwa ke yi. Pano ne ke shan wahala: a arewa abin da ke shiga batir ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu cikin kwana shida ba shara. Yanzu ana share su kowace safiya kafin rana ta yi zafi, da busasshen tsumma mai laushi a kan sanda, ruwa sau ɗaya a mako. Ba a zuba ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi, ba a kuma sa omo.

Lokacin sanƙarau ya ƙarato. An gwada layin faɗakarwa daga wurare ukun zuwa gunduma, duka sun isa cikin minti biyar. Abin da ya rage kafin ƙarshen shekara: batir na biyu a wurin tsakiya, sauya soson akwati a gabas da ya fara yagewa, da amsar ƙananan hukumomi biyu. Awon wayar ƙasa na rani an sa shi ran 10 ga Maris.